Waya a Hannu, Amana a Wuya: Yadda Ƙungiyarmu Za Ta Ci Moriyar Kafafen Sada Zumunta

Jawabin Kwamitin Yaɗa Labarai a taron shekara-shekara na ƙungiya

 



 Shugabannin ƙungiya sun ɗora wa kwamitinmu nauyin ya yi nazari a kan yadda muke amfani da kafafen sada zumunta na zamani, wato WhatsApp da Facebook da makamantansu, sannan ya kawo wa wannan taro shawara. Abin da muka gano da abin da muke ganin ya kamata a yi su ne za mu gabatar yanzu. In an ji magana ta yi ɗaci a yi mana afuwa, domin mu ma muna cikin masu laifin, kanmu muke yi wa faɗa.

Daga wasiƙa zuwa waya

Da yawa daga cikinmu sun riski zamanin da in aka yi rasuwa a Kunci, sai an tashi yaro takanas ya hau mota zuwa Kano ya bi 'yan'uwa gida-gida, ko kuma a kai sanarwa gidan rediyo. Wanda ke Legas kuwa, sau da yawa sai bayan sadakar uku labari yake isa gare shi. Wasiƙa a hannun direba take tafiya, kuɗin cefane a cikin ambulan, amsa kuma sai ranar da Allah Ya yi. A cikin gari mai shela ne jaridarmu, ranar kasuwa kuma ita ce ranar jin labarin ƙauyuka.

A shekarar 2001 wayar salula ta shigo Nijeriya. Facebook ya bayyana a 2004, WhatsApp kuma a 2009. Yau ga shi mai noman rani a gefen madatsar ruwa ta Gari yana iya ɗaukar hoton tumatirinsa ya aika wa ɗan'uwansa a Fatakwal tun kafin ya wanke hannu. Tun daga 2022 zaure ɗaya na WhatsApp yana ɗaukar mutum 1,024, wato ya fi kowane ɗakin taro da ƙungiyar nan ta taɓa haya. Tambayar da kwamiti ya yi wa kansa ita ce: tunda nisa ya gushe, me ya sa aikinmu a gida bai ƙaru daidai da yadda maganarmu ta ƙaru ba?

Abin da muka gani a zaurenmu

Mun zauna mun bi saƙonnin zaurenmu baya, kuma kowa a nan ya san abin da muka tarar. Akwai barka da Juma'a, da hotunan furanni, da ta'aziyya wadda mutum bayan mutum yake maimaitawa, da tallan atamfa da filaye, da muhawarar siyasa da kan kai tsakar dare. Babu laifi a gaisuwa, zumunci ne, kuma domin sa aka kafa ƙungiya. Sai dai a tsakiyar wannan cunkoso ne ma'aji yake jefa sanarwar kuɗin wata, kafin la'asar an binne ta. In wani daga gida ya ce famfon burtsatsen unguwarsu ya tsaya, sai a yi ta cewa Allah Ya kawo mafita, daga nan a wuce zuwa wani zance.

Wani ɓangare na wannan matsala daga yadda aka ƙera kafafen ne. A WhatsApp sabon saƙo ne yake ture tsoho, ko da tsohon ya fi shi muhimmanci. Shi kuwa Facebook da talla yake cin abinci, ribarsa ita ce mutum ya daɗe yana kallo, saboda haka yakan fifita abin da ke jawo ce-ce-ku-ce. Rahoton ma'aji ba zai taɓa yin gasa da hoton rigima ba. Wanda bai tsara maganarsa ba, kafar ce za ta tsara masa ita yadda ta ga dama.

Amma babban ɓangaren daga gare mu yake. Da muka tuntuɓi waɗanda suka daina biyan kuɗin ƙungiya, kaɗan ne suka ambaci babu. Abin da muka fi ji shi ne: na bayar a baya, ban ji inda aka kai ba. Wannan ita ce maganar da muke so taro ya riƙe. Abin da ya yi mana ƙaranci yarda ce, kuma babban amfanin da waya za ta yi wa ƙungiya irin tamu shi ne ta kawo muryar mutanen gida ga na birni, ta kuma kai hisabin kowace naira ga wanda ya bayar da ita.

Darasin Bagega

Domin kada a ce zance ne na fatar baki, bari mu kawo misali daga ƙasar Hausa. A shekarar 2010 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta gano cewa yara suna mutuwa a wasu ƙauyukan Jihar Zamfara saboda gubar dalma da ke cikin duwatsun zinariyar da ake dakawa a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. An share gubar daga wasu ƙauyuka, amma aka bar Bagega, ta ƙaramar hukumar Anka, tana jira. Likitoci kuwa ba su iya fara ba yaran garin magani ba, domin in ba a kwashe gurɓatacciyar ƙasar ba, yaro zai koma gida ya sake shaƙar gubar. A 2012 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin kuɗin aikin, watanni suka wuce ba a sake su ba.

A nan ne wasu matasa, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka fara gangamin da suka kira #SaveBagega a Twitter da Facebook, tare da goyon bayan ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam. A watan Janairu na 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya ba da umarnin sakin kuɗin, aka share garin, likitoci suka fara aiki a cikin shekarar. Daga wannan gangami ne shirin Follow The Money ya samo asali, wanda aikinsa bin sawun kuɗin gwamnati zuwa ƙauyuka.

Abin lura shi ne yadda suka yi. Ba su ɗauko matsalolin Zamfara baki ɗaya ba. Gari ɗaya suka ambata, buƙata ɗaya suka riƙe, sun san ofishin da maganar take hannunsa, sun je garin da ƙafarsu, kuma bayan an saki kuɗin sun ci gaba da bibiya. A nan Kano ma mun ga yadda marubuciya Fauziyya D. Sulaiman ta yi suna wajen neman taimako ga marasa lafiya da mabuƙata ta shafinta na Facebook, har gwamnatin jiha ta ba ta muƙami a wannan fanni a 2023. A irin wannan aiki, abin da ke sa mutum ya sake buɗe aljihunsa shi ne ya ga ƙarshen abin da ya bayar a karon farko. Gani ya kori ji.

Shawarwarin kwamiti

Bisa ga abin da ya gabata, muna gabatar wa taro shawarwari bakwai.

Na farko, ƙungiya ta zaɓi aiki ɗaya a kowace shekara, a nan cikin taro, a faɗi sunan wurin, da abin da za a yi, da kuɗin da zai ci, da ranar da ake son gamawa. Ko rufin aji ne da iska ta yaye, ko gyaran burtsatse, ko kuɗin jarrabawar ɗalibai marayu, duk saƙon da zai fita da sunan ƙungiya a wannan shekara ya riƙa komawa kan wannan aiki. Wanda ke Legas ba zai iya riƙe buƙatu ashirin a kansa ba, amma zai riƙe ɗaya.

Na biyu, a raba zaure gida biyu. Ɗaya na sanarwa, wanda shugaba da sakatare da ma'aji kaɗai za su iya rubutu a ciki, kuma WhatsApp ya tanadi hanyar yin haka. Ɗayan na zumunci, inda za a ci gaba da gaisuwa da barka da ta'aziyya. Shafinmu na Facebook kuma ya zama fuskar ƙungiya ga baƙi da hukumomi, a ɗora wa mutum biyu sanannu alhakinsa. Abin da bai fito ta waɗannan hanyoyi ba, to ba maganar ƙungiya ba ce, ko da wane ne ya faɗe shi.

Na uku, kuma wannan ne ya fi damun kwamiti, a buɗe wa mutanen gida ƙofa. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumarmu tana da mutum fiye da 110,000, kuma babu shakka sun ƙaru ƙwarai tun daga lokacin. Mu da ke cikin zaure ba mu kai cikin cokali ba. Mafi yawan iyayenmu ƙaramar waya suke riƙewa, wasu ma sai sun aika kasuwa a yi musu caji. Da yawa sun iya ajami fiye da boko. A watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kan kuɗin kira da na data, saboda haka dogon bidiyon da muke kallo a birni ba tare da tunani ba, a ƙauye kuɗin cefane yake ci. In ba mu yi hattara ba, za mu zauna a Abuja muna yanke wa mutanen Shuwaki abin da suke buƙata, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Don haka muna ba da shawarar a naɗa wakili a kowace mazaɓa daga cikin mazaɓunmu goma: Bumai, Garin Sheme, Gwarmai, Kasuwar Kuka, Kunci, Matan Fada, Ridawa, Shamakawa, Shuwaki da 'Yandadi. Ƙungiya ta riƙa sa masa kati duk wata. Aikinsa ya ji daga bakin mai unguwa da liman da shugaban makaranta da manoma, ya turo saƙon murya cikin Hausa wanda bai wuce minti biyu ba, tare da hoto ɗaya ko biyu. Haka kuma duk sanarwar da ta fito daga birni a yi ta da murya, shi kuma ya kai ta ƙofar masallaci da kasuwa. Mata su ma su sami wakiliya tasu, ta hanyar makarantun Islamiyya, domin su da 'ya'yansu ne suka fi sanin wahalar ruwa da ta asibiti. Kada kuma mu raina rediyo. Har gobe yana shiga gidajen da intanet bai shiga ba, saboda haka babbar sanarwa a kai ta can ma.

Na huɗu, hisabi duk ƙarshen wata. Kada a sake tara kuɗin ƙungiya a asusun wani mutum, komai amincinsa, domin hakan yana jefa shi cikin zargi, mu kuma yana jefa mu cikin zato. Dokar kamfanoni ta 2020 ta tanadi yadda ƙungiyoyi irin tamu suke rajistar amintattunsu a hukumar CAC. Takardunmu su zama cikakku, asusu ya zama da sunan ƙungiya, kuma kada kuɗi su fita sai da sa hannun mutum biyu. Ranar ɗaya ga kowane wata ma'aji ya sanya abubuwa huɗu a zauren sanarwa: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage, da hoton rasit. In aiki ake yi, a haɗa da hoton wurin kafin a fara da bayan an gama. In an sami tsaiko, ko farashin siminti ya tashi, ko ma'aikaci ya saɓa alkawari, a faɗa tun da wuri. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Wanda ya nemi a nuna masa rasit bai ci mutuncin kowa ba.

Na biyar, tantance labari kafin a tura shi. Ba mu manta da watan Agusta na 2014 ba, lokacin cutar Ebola, da aka tashi mutane cikin dare ta waya aka ce su yi wanka da ruwan gishiri su kuma sha. An rasa rayuka a kan haka, wasu suka kwanta asibiti, kuma masoya ne suka tura wa masoyansu saƙon. A ƙasar Indiya a 2018 jita-jitar satar yara da ta bi ta WhatsApp ta sa an kashe mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, har kamfanin ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda, ya kuma faɗaɗa wannan ƙa'ida zuwa duniya baki ɗaya a 2019. Mu kuma muna kusa da iyakar Katsina, kuma a 2025 hare-haren 'yan bindiga sun taɓa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa. A irin wannan yanayi saƙon murya guda na ƙarya yana iya watsa kasuwa, ko ya sa a far wa baƙon da ya zo sayen dabba. Ƙa'idarmu ta zama haka: duk labarin da ya shafi tsaro ko cuta ko zargin wani mutum, a fara kai shi ga wakilin mazaɓa, shi kuma ya tabbatar daga dagaci ko jami'an tsaro ko ma'aikacin lafiya. Wanda ya tura labarin da ya zama ƙarya, ya dawo da bakinsa ya janye shi a inda ya faɗe shi. Malamanmu sun sha karanta mana umarnin da ke cikin Suratul Hujurat game da binciken labari. Magana zarar bunu ce, a waya kuma ta fi saurin fita.

Na shida, kare mutuncin wanda ake taimako, da kare zaure daga siyasa. Bazawarar da aka ba buhun gero ba ta sayar mana da fuskarta ba. Kada a sa hoton mara lafiya ko maraya ko mai karɓar zakka sai da yardarsa ko ta waliyyinsa, kuma in rasit da shaidar mai unguwa sun wadatar, a bar hoton. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta ɗora wa masu tattara bayanan mutane nauyin kiyaye su, don haka lambobin wayar 'yan ƙungiya amana ce, ba a miƙa su ga ɗan kasuwa ko ɗan takara. Kowannenmu yana da jam'iyyarsa, wannan haƙƙinsa ne, amma burtsatse ba ta tambayar katin jam'iyya. In za mu nemi wani abu wajen shugaban ƙaramar hukuma ko ɗan majalisar tarayya da muke tarayya da Tsanyawa a kansa, mu fara kai takarda hannu da hannu, a buga mana hatimin karɓa. In shiru ya yi yawa, sai mu sa hoton takardar da na wurin a shafinmu, cikin ladabi, da kwanan wata. Zagi yana ba wanda ake nema hujjar kauce wa magana, kuma dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta kai mutane da dama gaban kotu a kan abin da suka rubuta.

Na bakwai, mu tuna cewa rumfar aro muke ciki. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya na kusan awa shida. Daga watan Yuni na 2021 zuwa Janairu na 2022 gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, wanda yanzu ake kira X. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a Jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda matsalar tsaro. Ƙungiyar da duk tarihinta yake cikin wayar sakatare, ranar da aka sace wayar ta zama marainiya. Rajistar 'yan ƙungiya, da bayanan taro, da littafin ma'aji, su kasance a rubuce a takarda, a kuma buga taƙaitaccen hisabin shekara a cikin wannan mujalla. Har ila yau muna jan kunnen kowa game da 'yan damfara. In wani ya kira ka ya ce ka karanto masa lambobi shida da suka shigo wayarka, wai domin a sa ka a taro, to WhatsApp ɗinka yake son ƙwacewa, daga nan ya bi 'yan'uwa yana roƙon kuɗi da sunanka. Matasanmu suna nan a bakin ƙofa bayan taro, za su taimaka wa duk mai so ya sa lambar sirri ta biyu a wayarsa.

Yadda za mu auna kanmu

Kada yawan masu bin shafinmu ko masu yaba hotunanmu ya ruɗe mu, wannan ba ya sayen buhun siminti ko ɗaya. In Allah Ya kai mu baɗi, muna roƙon taro ya tsayar da wannan kwamiti ya yi masa tambayoyi huɗu. Mutum nawa ne suka biya kuɗin wata a bana in an gwada da bara? A cikin watanni goma sha biyu, sau nawa hisabi ya fito a kan lokaci? Mazaɓu nawa ne muka ji muryarsu? Aikin da muka zaɓa, an gama shi ko ba a gama ba? In amsoshin ba su gamsar ba, a sauke mu a ɗora wasu.

Kammalawa

Jama'a, a shekarar 2024 an sauya sunan ƙaramar hukumarmu zuwa Ghari. Suna ya canza a takardun gwamnati, amma rijiyar da ta ƙafe ba ta san an canza ba, haka ma yaron da ke zaune a ƙasa a cikin aji. Mafi yawanmu da kuɗin gero da gyaɗa da wake na gonakin nan aka saya mana littafin farko, kuma waɗanda suka noma su, ko 'ya'yansu, suna nan inda muka bar su. Iyayenmu da suka kafa irin waɗannan ƙungiyoyi ba su da waya, amma in sun ce za su yi abu, mutanen gida sukan shimfiɗa tabarma su jira, domin sun san za a zo. Wannan yarda ce muke son dawowa da ita, kuma yau muna da kayan aikin da su ba su samu ba.

Muna roƙon mai girma shugaba ya sa waɗannan shawarwari bakwai a gaban taro, a yi musu gyara inda suke buƙata, a amince da su kafin a tashi, a kuma zaɓi aikin bana da wakilan mazaɓu yau ɗin nan, tun da iyayen ƙasa suna zaune. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki namu ne, muna neman gafara. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.